Yadda Malamin Turanci Zai Gina Darasi a Kan Tatsuniyar da Yara Suka Zo da Ita

Duk lokacin da aka miƙa wa yaro labarin Turanci ya karanta, kaya biyu ake ɗora masa a lokaci guda. Na farko shi ne harshen kansa, wato kalmomi da nahawu da furucin da bai saba da su ba. Na biyu kuwa, wanda malamai ba su cika lura da shi ba, shi ne duniyar da labarin ya fito daga cikinta, da mutanen da bai san irinsu ba, da yanayin da bai taɓa gani ba, da ɗabi'un da ba ya gane dalilinsu. Idan yaron ya yi shiru sai a ce Turanci ne ya gagare shi, alhali sau da yawa kaya na biyun ne ya durƙusar da shi. Babban amfanin tatsuniya a darasin Turanci shi ne ta sauke wa yaro wannan kaya na biyu. Ya riga ya san wane ne Gizo, ya san halinsa, ya san abin da zai same shi a ƙarshe, saboda haka hankalinsa gaba ɗaya zai koma kan tambaya guda, wato yadda ake faɗin wannan abu da Turanci.

Masana sun daɗe da gano haka. A 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Cambridge ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta asalin mazauna Amurka ta Arewa su karanta, sannan su maimaita ta bayan wani lokaci. Ya tarar suna zubar da sassan da ba su dace da tunaninsu ba, suna sauya wasu su koma abin da suka saba da shi. A 1979 kuma Steffensen da abokan aikinta suka ba Amurkawa da Indiyawa wasiƙu biyu da Turanci, ɗaya kan bikin aure a Amurka, ɗaya kan bikin aure a Indiya, kowane ɓangare ya fi saurin karanta wasiƙar da ta shafi al'adarsa, ya kuma fi tuna abin da ke cikinta. Daga irin wannan fahimta ce koyarwa mai la'akari da al'adar ɗalibi ta samo ƙarfinta, wadda Gloria Ladson-Billings ta fayyace a 1995, Geneva Gay kuma ta faɗaɗa a 2000. Ladson-Billings ta kafa sharuɗɗa uku: ɗalibi ya yi nasara a karatunsa, ya riƙe al'adarsa yana kuma koyon ta wasu, sannan ya iya sa tambaya kan abin da yake gani a rayuwa. Ina ambaton sharuɗɗan nan ne saboda wasu malamai suna ɗaukar tatsuniya a matsayin abin hutu na ranar da suka gaji, alhali sharaɗin farko nasara a karatu ce, kuma darasin da bai ƙara wa yaro Turanci ba bai cika darasin Turanci ba, komai daɗinsa.

Mataki na farko: a samo tatsuniyar daga bakin masu ita

Kuskuren da na fara yi a wannan aiki shi ne na ɗauko tatsuniyar Gizo da hankaki daga wani littafi, na fassara ta, na rubuta a allo, na ce a kwafa. Ina cikin karantawa sai wata yarinya da ke zaune a bencin baya, wadda zango guda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba haka take ba. Ai sai da Gizo ya je ɗibar wuta gidansu tukuna." Nan take aji ya kaure, wannan yana cewa kakarsa ba haka ta faɗa ba, wancan yana ƙara wani sashe. Ni da na zo da niyyar koya musu labari sai na tarar sun fi ni saninsa, kuma a ranar na gane rabon aikin da ya dace: labarin nasu ne, harshen da za a zuba shi a ciki ne nawa.

Saboda haka malami ya fara da ba yara aikin gida na mako guda, kowa ya nemi wani babba a gidansu ya yi masa tatsuniya ɗaya da harshen gida, ya riƙe ta a ka, ko ya rubuta gaɓoɓinta a taƙaice. Ya koya musu su nemi izini, su kuma riƙe wanda ya ba su labarin, domin idan aka zo rubutawa a ambaci cewa daga bakin kakar wane ko gwaggon wance aka ji. A wasu gidajen tatsuniya ta yi ƙaura tun da talabijin da waya suka shigo, don haka kada a kunyata yaron da ya dawo hannu rabbana; a haɗa shi da wani, ko a ba shi damar kawo labarin da ya ji a rediyo. Littattafai suna da amfani wajen cike giɓi. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, Neil Skinner ya fara fitar da fassararsu ta Turanci a 1969, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya shirya wasu domin yaran makaranta a farkon shekarun 1970. Sai dai littafi ya zo a bayan baki, musamman tsofaffin fassarorin, waɗanda Turancinsu ya yi wa yara tsauri.

Idan ajin ya haɗa yara masu harsuna daban-daban, to arzikin ya ƙaru, kuma wajibi ne kowa ya kawo nasa. Malamin da ya cika darasinsa da tatsuniyar ƙabila ɗaya, ko da ita ce mafi rinjaye a ajin, ya maimaita wa sauran yaran laifin da yake ƙoƙarin gyarawa.

Mataki na biyu: zaɓe

Ba kowace tatsuniya ce ta dace da aji ba, kuma a nan ake bukatar natsuwar malami. Ta fuskar harshe, wadda ta fi amfani ita ce mai maimaici, wato wadda abu ɗaya yake faruwa sau uku ko huɗu da ɗan sauyi kaɗan, ko mai waƙa da amshi a tsakiya. Maimaicin da marubuci zai ga ya yi yawa shi ne abin da mai koyon harshe yake nema, domin jimla ɗaya za ta ratsa kunnensa sau da yawa ba tare da ya ji ana yi masa hadda ba. A nemi mai 'yan wasa kaɗan, uku zuwa biyar, wadda za a iya gamawa cikin minti biyar ko bakwai, wadda kuma ayyukan cikinta ake iya nuna su da jiki, kamar tashi da faɗuwa da gudu da ɓuya.

Ta fuskar abin da labarin ya ƙunsa kuwa, malami ya dubi yaran da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya kafin ya yanke shawara. Tatsuniyoyi da yawa sun ginu kan muguntar kishiyar uwa ga marainiya, kuma mai yiwuwa a ajin akwai yarinyar da uwarta ta rasu bara, tana hannun matar ubanta. Wasu suna yi wa makaho ko gurgu ko kuturu dariya, wasu suna mayar da wata ƙabila ko wata sana'a abin ba'a. Irin waɗannan a ajiye su ga ƙananan yara. Ga manyan ɗalibai na sakandare ana iya kawo su da gangan domin a tattauna, a tambaye su ko sun yarda da yadda labarin ya nuna wannan mutum, da kuma wanda ya amfana da a nuna shi haka. Wannan shi ne sharaɗi na uku da aka ambata a sama, kuma girmama al'ada ba ya hana a yi mata tambaya. Haka nan akwai iyayen da suke kallon tatsuniya a matsayin ƙarya da ɓata lokaci; ya fi kyau malami ya riga su, ya bayyana wa shugaban makaranta da iyaye tun farko irin nahawun da darasin zai koyar, ya nuna musu inda ya dace da manhaja.

Mataki na uku: shirya labarin da Turanci

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ƙashin bayan sauran, don haka zan daɗe a kansa. Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Hankaki suna cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar kogi. Gizo ya roƙe su su tafi da shi, kowannensu ya cire gashi ɗaya ya ba shi har ya sami fukafukai. Da suka isa, duk ɓauren da hankaka ya nufa sai Gizo ya daka masa tsawa ya ce shi ya fara gani, nasa ne. Da suka gaji da haɗamarsa sai suka bari ya yi barci, kowa ya zare gashinsa suka tashi suka bar shi, ya faɗa ruwa. Labarin yana ci gaba a gidan kada, amma wannan rabin ya ishi mako guda.

Kada malami ya fassara kalma da kalma. Ya rufe littafi ya faɗi labarin da Turanci mai sauƙi kamar yana gaya wa yaro ɗan shekara bakwai, ya ɗauki muryarsa a waya, sannan ya rubuta abin da ya faɗa. Daga nan ya ƙirga baƙin kalmomi. Binciken Hu da Nation na 2000 ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi shi kaɗai ba da taimako ba, wato a labari mai kalma 300 baƙin kalmomi kada su wuce shida. Da yake yaran sun san labarin, malami kuma yana nan yana nuni da zane, ana iya kai su goma ko goma sha biyu, amma abin da ya haura haka ya mayar da darasin karatun ƙamus. A wannan tatsuniya kalmomin da ba makawa su ne na gashin tsuntsu, da fiffike, da ɓaure, da reshe, da kogi, da haɗama, da aro.

Bayan haka ya dubi nahawun da labarin ya kawo da kansa, maimakon ya cusa masa wanda ba nasa ba. Abin sha'awa shi ne kusan duk aikatan da ke wannan tatsuniya na cikin waɗanda ba sa bin ƙa'idar ƙara "-ed" a shuɗaɗɗen lokaci: "flew", "gave", "took", "saw", "said", "ate", "fell", "went". Waɗannan su ne yara suke haddacewa a jadawali su manta kafin jarrabawa, ga su kuma a nan cikin labarin da ba za su manta ba. Kirarin haɗamar Gizo kuwa, "I saw it first. It is mine!", ya kawo wakilin suna na mallaka, daga nan sai a buɗe ƙofar "yours" da "his" da "ours". A tsayar da wannan jimla da lafazi ɗaya a duk inda ta zo, domin ita ce amshin da yara za su riƙa yi.

Sai batun kalmomin da ba su da takwara. Ra'ayina shi ne a bar Gizo a matsayin Gizo, a bar Ƙoƙi a matsayin Ƙoƙi, a bar Dodo a matsayin Dodo. Kalmar "spider" tana nufin gizo-gizo mai saƙa a kusurwar ɗaki, ba ta ɗauke da wayo da haɗama da rashin kunyar da yaro yake ji da zarar an ambaci Gizo. Kalmar "monster" ba ta kai Dodo ba, "stepmother" ba daidai take da kishiyar uwa ba domin ita uwar tana iya kasancewa da rai a gida ɗaya, "shame" kuma rabin kunya ce kawai. Maimakon a ɓoye wannan giɓi, a mayar da shi aiki: a ce wa yara su bayyana wa baƙon da ba ya jin harshensu mene ne Dodo cikin jimla uku na Turanci. Wannan aiki na bayyana abin gida ga na waje shi ne Turancin da za su fi bukata idan sun girma. Haka buɗewa da rufewa. A bar "Ga ta nan, ga ta nanku" da amsarta "Ta zo mu ji ta" yadda suke, sannan a biyo da "Once upon a time", a rufe da "Ƙurunƙus", yaran su ga cewa kowane harshe yana da ƙofar da yake shiga labari da wadda yake fita.

Abu ɗaya ne nake ba da shawarar a bari a harshen gida kaɗai, wato tsamin bakin Gizo. Mai tatsuniya yana lanƙwasa harshe idan Gizo zai yi magana, yara su yi ta dariya, amma idan aka kwaikwayi haka da Turanci za su riƙe gurɓataccen furucin a matsayin daidai. A nuna halinsa ta hanyar murya da fuska, kalmomin kuwa su fita garau.

Mataki na huɗu: kunne da baki kafin alƙalami

A darasi na farko kada a buɗe littafi. Ɗaya daga cikin yaran ya faɗi tatsuniyar da harshen gida cikin minti biyar, sauran su gyara masa inda suka ga ya kauce. Wasu makarantu suna hana magana da harshen gida a ajin Turanci, har da tara ko bulala, kuma ina ganin wannan hani yana hana abin da ake nema. Jim Cummins ya yi bayani tun 1979 cewa ƙwarewar da yaro ya samu a harshensa na farko, kamar iya jera aukuwa da gane dalili da sakamako, tana ƙetarawa zuwa harshe na biyu. Minti biyar ɗin nan su ne suke sa minti talatin na Turanci da za su biyo baya su zama abin fahimta.

Daga nan malami ya zana hotuna shida a allo, ko da zanen sanda ne: Gizo yana roƙo, hankaki suna ba da gashi, tafiya a sama, bishiya a tsakiyar ruwa, zare gashi, faɗuwa. Sai ya faɗi labarin da Turanci da ka, yana tsaye, yana nuna hoto, yana buɗe hannuwa idan an tashi, yana durƙusawa idan an faɗi. Ya faɗe shi sau uku. A karo na farko yara su saurara kawai. A karo na biyu su riƙa yin amshin Gizo gaba ɗaya duk lokacin da malami ya ɗaga hannu. A karo na uku ya riƙa tsayawa a tsakiyar jimla su cike, ko ya yi kuskure da gangan, ya ce hankaki sun ba Gizo takalma, su yi masa ca su gyara. Yaron da ya gyara wa malami jimlar Turanci ya fahimce ta, ko da bai iya rubuta ta ba tukuna.

A darasi na biyu a raba aji rukuni-rukuni na mutum shida, kowa ya ɗauki hoto ɗaya ya faɗi sashensa, sannan a juya, wanda ya faɗi na farko ya koma na biyu. A ajin da ya cika maƙil, inda ba halin motsa benci, kowane benci ya zama rukuni, masu zama a gaba su juyo su fuskanci na baya. Za a yi hayaniya, amma hayaniyar yara tamanin suna magana da Turanci ta fi shirun da ɗaya kaɗai yake karatu. Malami ya zagaya yana saurare da takarda a hannu, yana rubuta kurakuran da suka fi yawa, ba tare da ya katse kowa ba.

Mataki na biyar: nahawu da furuci daga cikin kurakuran

Takardar nan ita ce darasi na uku. Ga yara masu jin Hausa, kurakuran da za su fito sanannu ne, kuma kowanne yana da dalili a harshensu, wanda idan aka nuna musu shi sai gyaran ya zauna. Za su ce wa bishiya "she", domin a Hausa bishiya mace ce, kogi kuma namiji, alhali Turanci yana ce wa dukansu "it". Za su jera "then" a farkon kowace jimla, domin suna fassara "sai" ne, wadda ita ce igiyar da ke ɗaure labarin Hausa. A rubuta musu a allo ayyukan da "sai" take yi, a nuna cewa wani lokaci "so" ce, wani lokaci "suddenly", wani lokaci "after that", a ƙarshe kuma "at last". A nuna musu "Yana cikin barci sai suka zare gashinsu" da takwararta "While he was sleeping, they took their feathers", su ga yadda harsunan biyu suke haɗa aikin da ke gudana da wanda ya katse shi. Ga manyan ɗalibai akwai mayar da maganar Gizo zancen da aka ruwaito, akwai kuma jimlar sharaɗi irin ta "da Gizo bai yi haɗama ba, da ya koma gida lafiya".

A wajen furuci, wannan tatsuniya cike take da sautin da ya fi wahalar da Bahaushe. Hausa ba ta bambanta "f" da "p" ba, kuma Bahaushe yana furta nasa "f" da leɓɓa biyu, shi kuwa na Turanci haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. A ɗauki "full" da "pull", tunda jakar Gizo ta cika kuma an zare masa gashi, a sa kowane yaro ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa: idan ya furta "p" daidai takardar za ta yi tsalle. Sautin "th" na cikin "feather" kuwa, wanda yara ke mayarwa "z", duk wanda ya yi karatun tajwidi ya riga ya iya shi, domin Larabci yana da haruffa biyu da ake fitarwa da kan harshe a bakin haƙoran sama, kuma su ne sautukan "th" guda biyu na Turanci. Sau da yawa tunatarwa ɗaya ta isa. Sai cunkoson baƙaƙe a "flew" da "branch", inda yara ke cusa wasali a tsakani. A yi ta maimaitawa cikin jimlar labarin, minti biyar a kowane darasi.

Mataki na shida: rubutu

Sai a darasi na huɗu yara za su ga labarin a rubuce, kuma su ne za su rubuta shi. Hanya mafi sauƙi ga ƙanana ita ce su riƙa faɗin jimla malami yana rubutawa a allo, yana tambayarsu ko ta yi daidai, har labarin ya cika, sannan su karanta abin da suka gina da bakinsu. Ga waɗanda suka ɗan yi nisa akwai dabarar da Ruth Wajnryb ta yaɗa a 1990: malami ya karanta sakin layi ɗaya sau biyu da saurin magana ta yau da kullum, yara su kama kalmomin da suka iya kamawa, sannan kowane rukuni ya haɗa abin da ya samu ya sake gina sakin layin. Gardamar da suke yi kan ko "fall" ce ko "fell" ita ce darasin nahawun.

Daga nan a sake musu linzami. Wani ya rubuta labarin daga bakin hankakan da ya fara zare gashinsa, wata ta rubuta wasiƙar da Ƙoƙi za ta aika wa hankaki tana ba su haƙuri, wani rukuni ya shirya shari'a a gaban alƙali inda Gizo zai kare kansa. Yarinyar nan ta bencin baya sai da ta dawo da sashen ɗibar wuta cikin nata rubutun, da Turanci mai kurakurai bakwai ko takwas, amma shi ne shafi cikakke na farko da ta taɓa rubuta mini. Wajen duba irin wannan aiki a tsaya kan abin da aka koyar a makon, wato shuɗaɗɗen lokaci da mahaɗan labari, a bar sauran zuwa wani lokaci, domin shafin da ya koma ja da biro ba ya sa yaro ya sake rubuta wani.

Wajen auna fahimta, maimaita labari da baka ya fi tambayoyin cike gurbi gaskiya. A ba yaro hotuna shida ɗin nan a hargitse, ya jera su ya faɗi labarin cikin minti biyu, malami ya ba da maki kan abu huɗu: jerin aukuwa, lokacin aikatau, kalmomin da aka koya, da fitar furuci. A ƙarshen zango a tattara mafi kyawun rubutun kowa a ɗinke su littafi ɗaya, harshen gida a shafin hagu, Turanci a na dama, da sunan wanda aka ji labarin daga bakinsa a ƙasa, a bar yara su riƙa zuwa da shi gida bi da bi su karanta wa masu labarin.

Mataki na ƙarshe: daga sananne zuwa baƙo

Jarrabawa ba za ta kawo Gizo ba, rayuwa ma za ta haɗa yaran da rubuce-rubucen mutanen da ba su san su ba, saboda haka darasi na biyar na ƙetarawa ne. A kawo musu 'yar'uwar tatsuniyarsu daga wata al'umma, a rubuce da Turanci, wadda ba su taɓa ji ba. Ibo suna da labarin kunkurun da tsuntsaye suka ara wa gashi domin zuwa biki a sama, ya raɗa wa kansa suna "Dukanku" ya cinye abin da aka kawo, tsuntsaye suka karɓe gashinsu ya faɗo ƙwaryarsa ta farfashe. Chinua Achebe ya saka shi cikin littafinsa na 1958 mai suna "Things Fall Apart", kuma manyan ɗalibai za su iya karanta shi yadda ya rubuta. Akan na Ghana suna da Ananse, wanda ya bi bayin da aka kwashe har Jamaika, Larabawa suna da Juha, Turkawa suna da Nasiruddin Hoja. A zana layi biyu a allo, yara su cike da Turanci: wane ne mai wayon, me ya roƙa, wace dabara ya yi, me ya same shi, a ina labaran biyu suka haɗu, a ina suka rabu. Kalmomin kwatance irin su "both" da "but" da "whereas" a nan suke shigowa.

A mako na gaba a ɗauki tatsuniyar wani yaron, a bi matakan nan, a sauya nahawun da ake nufi. Bayan tatsuniyoyi uku ko huɗu na gida da 'yan'uwansu na waje, a ba su labarin da ke cikin littafin karatunsu na manhaja, wanda ba shi da dangi a gida, a ce su fara da zana masa hotuna shida, su nemo wanda yake son wani abu a cikinsa, da abin da ya tare masa hanya, da yadda aka ƙare, sannan su faɗe shi da bakinsu kafin a taɓa tambayoyin da ke ƙarshen shafi.